Zaɓen fidda gwani na Eurovision a ƙananan ƙasashe: yadda ake yin sa da inda yake kwaɓewa

A watan Mayu ake Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, amma duk wanda ya jira Mayu kafin ya fara kallo zai tarar an riga an ci rabin kasuwar. Daga wajen ƙarshen Disamba, lokacin da Albaniya ke yin bikinta na shekara-shekara, zuwa tsakiyar Maris, lokacin da shugabannin tawagogi ke haɗuwa a birnin da zai karɓi baƙuncin gasar su miƙa waƙoƙinsu, kowace ƙasa tana can tana fama da nata zaɓen fidda gwani. Na Suwidin da na Italiya su suka fi ƙyalli da 'yan kallo. Na ƙananan ƙasashe kuwa su suka fi koyar da mutum, domin a can komai a fili yake: kuɗi kaɗan, mawaƙa kaɗan, masu jefa ƙuri'a kuma da yawansu sun san mawaƙin, ko sun san wanda ya san shi. A irin wannan yanayi, takardar dokokin da gidan talabijin ya fitar tun kafin a karɓi waƙa ko ɗaya ita ce ke yanke mafi yawan hukuncin. Wa ke da izinin shiga, da wane harshe, wa zai yi alƙalanci, zagaye nawa za a yi. Idan ka karanta amsoshin nan, sau da yawa za ka iya hasashen irin waƙar da za ta fito.

Sharuɗɗan da suka hau kan kowa

Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, mai hedikwata a Geneva, ita ke da gasar tun da aka fara ta a Lugano a 1956 da ƙasashe bakwai. Gidan talabijin ne ke shiga a madadin ƙasa, kuma sai wanda yake memba. Shi ya sa Liechtenstein ba ta taɓa shiga ba duk da tana tsakiyar Turai, alhali Maroko ta shiga sau ɗaya a 1980.

Waƙa ba za ta wuce minti uku ba. Mutum shida kacal ake yarda su hau dandamali, a ciki har da 'yan amshi da 'yan rawa. Tun 1990 ba a karɓar wanda bai kai shekara 16 ba. Ba a hawa da dabba mai rai. Jagoran waƙa dole ya rera da bakinsa a lokacin, ba tare da na'urar da ke daidaita murya ba. Kiɗan kuwa naɗaɗɗe ne tun da aka sallami ƙungiyar makaɗa a 1999, saboda haka mai riƙe da jita ko sandunan ganga kwaikwayo kawai yake yi. Daga 2021 an yarda a naɗi muryar 'yan amshi a cikin kiɗan. Ba siyasa, ba batsa, ba sunan kamfani. Sai sharaɗin da ya fi kayar da mutane: kada waƙar ta kasance an fitar da ita ga jama'a kafin 1 ga Satumba na shekarar da ta gabaci gasar.

Abu biyu ne EBU ta bar wa kowane gida: yadda zai zaɓi wakilinsa, da kuma ɗan wace ƙasa zai tura. Babu dokar da ta ce sai ɗan ƙasa. Luksamburg ta ci gasar sau biyar, a 1961, 1965, 1972, 1973 da 1983, kuma babu ɗan Luksamburg ko ɗaya a cikin waɗanda suka ciyo mata: huɗu Faransawa, ɗaya 'yar Girka. Monako ma da Bafaranshiya ta ci a 1971.

A wajen ba da maki kowa ɗaya ne. Maki 12, mafi girman da ake bai wa waƙa, na San Marino, mai mutane dubu talatin da 'yan kai, daidai yake da maki 12 na Jamus mai fiye da miliyan 80. Bambancin yana wajen shiga zagayen ƙarshe. Manyan ƙasashen da suka fi zuba kuɗi, tare da mai masaukin baƙi, kai tsaye suke wucewa. Ƙanana kuwa sai sun bi ta zagayen kusa da na ƙarshe, wanda aka kawo a 2004, aka raba shi biyu a 2008, goma ke tsallakewa daga kowane. Andora ta gwada sau shida a jere, daga 2004 zuwa 2009, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba, ta haƙura ta koma gida. To burin ƙaramar ƙasa na farko shi ne a gan ta ranar Asabar ta ƙarshe. Maganar kofi daga baya ce.

San Marino: ƙasar da ta buɗe ƙofa ga duniya

Babu inda matsalar ƙarancin mutane ta fito fili kamar nan. San Marino ta fara shiga a 2008, ta zo ta ƙarshe a rukuninta, ta ja baya, ta dawo a 2011. Na shekaru ta riƙa naɗa wakili a ofis, kuma mace ɗaya, Valentina Monetta, ta je sau huɗu: 2012, 2013, 2014 da 2017. A karo na uku ne ta kai ƙasar zagayen ƙarshe a karon farko. Waƙarta ta 2012 sai da aka sake mata suna da wasu kalmomi saboda tana ambaton Facebook, wanda ya saɓa wa dokar hana talla. Sakamako mafi kyau da ƙasar ta taɓa samu, na 19 a 2019, Baturke ne mai suna Serhat ya samo mata shi.

Daga 2022 sai suka kafa gasar da kusan kowa daga kowace ƙasa zai iya shiga. Tsarin hawa biyu ne. Sababbin mawaƙa su biya kuɗin rajista, su bi ta tantancewa da zagaye bayan zagaye. Sanannu kuma a gayyace su kai tsaye zuwa daren ƙarshe, wanda ake yi a Teatro Nuovo da ke Dogana. Alƙalai ne kaɗai ke yanke hukunci, kuma dalilin na fasaha ne: layukan wayar San Marino a haɗe suke da na Italiya, ba a iya rarrabe ƙuri'ar ɗan ƙasa da ta maƙwabci yadda za a amince da ita. Ko a babbar gasar ma an daɗe ana lissafa mata “ƙuri'ar jama'a” ta wasu hanyoyi na daban.

Me wannan tsari ke haifarwa? Yana mai da gasar mafakar waɗanda ba su samu tikiti a gida ba. Achille Lauro ya fito daga bikin waƙa na Sanremo na Italiya a 2022, ya zo nan ya ci, bai tsallake zagayen kusa da na ƙarshe ba. A 2023 wata ƙungiyar Italiyawa ta ci, ta tashi ba maki ko ɗaya. A 2024 ƙungiyar Megara ta Sifaniya, wadda ta nemi tikitin ƙasarta shekarar da ta gabata, ta doke Loredana Bertè, tsohuwar tauraruwar Italiya. A 2025 Gabry Ponte ya tafi da waƙar da ke kirarin Italiya, wadda ma ita ce taken bikin Sanremo na shekarar, ya kai zagayen ƙarshe, ya zo na ƙarshe a can. A ganina raunin tsarin shi ne alƙalai kan kalli girman sunan mutum a Italiya, alhali mai jefa ƙuri'a a Finlan ko Jojiya bai taɓa jin sunan ba, minti uku kawai zai ba shi. Daren ƙarshen kuma dogo ne ƙwarai, waƙoƙi kan kai ashirin ko fiye, ga jawabai da ba da lambobin yabo. Mai kallo ya shirya haƙuri.

Luksamburg da ta dawo a 2024, bayan rabonta da gasar tun 1993, kishiyar wannan hanya ta bi. Gidan talabijin ɗinta, RTL, ya ce sai ɗan ƙasa, ko mazaunin ƙasar na wasu shekaru, ko mai alaƙa ta zahiri da fagen al'adunta. Suka yi zaɓen a zauren Rockhal, babban wuri mai kayan aiki irin na babbar gasa, wakiliyarsu Tali ta zo ta 13.

Ayislan: harshen gida da zagayen raba gardama

Ayislan ba ta kai mutum dubu ɗari huɗu ba, amma kusan duk mai talabijin a ƙasar yana kallon zaɓenta, Söngvakeppnin, da gidan RÚV ke shiryawa. Yawanci waƙoƙi goma ne, biyar-biyar a zagaye biyu, sannan daren ƙarshe. Dokar da ta bambanta shi ita ce ta harshe: a zagayen farko dole a rera da harshen Ayislan, a daren ƙarshe kuma a rera da harshen da za a je Eurovision da shi. Wannan dama ce ga mai kallo ya ji waƙa ɗaya a riga biyu cikin mako biyu ko uku. Saurari inda gaɓoɓin kalma ke faɗawa kan bugun kiɗa. Waƙar da aka rubuta da Ingilishi tun asali, aka fassara ta don cika sharaɗi, za ka ji ta saki jiki a daren ƙarshe. Wadda aka haifa da harshen gida kuwa, idan aka juya ta, sau da yawa sai amshin ya yi laushi, domin an musanya kalmomi masu kaifi da irin waɗanda kowace waƙar soyayya ke amfani da su.

Abu na biyu shi ne zagayen raba gardama. Na shekaru, bayan alƙalai da jama'a sun yi ƙuri'ar farko, sai a ɗauki biyun da ke sama su sake rerawa, a sake buɗe layi. Da ka ji tsarin sai ka ce adalci ne. Matsalarsa lissafi ce: waƙar da wasu ke matuƙar so wasu ke matuƙar ƙi tana iya yin fice a zagayen farko, domin masoyanta sun haɗu wuri ɗaya, sauran ƙuri'u sun warwatsu. Da an rage su biyu, duk masu ƙin ta sai su taru bayan ɗayar. A babbar gasa kuwa babu hanyar jefa ƙuri'ar ƙi, ƙauna kaɗai ake ƙirgawa. Ke nan zagayen raba gardama yana tace ainihin irin waƙar da ta fi dacewa da Mayu, ya bar wadda ba ta ɓata wa kowa rai ba, ba ta kuma sa kowa ɗaukar waya ba.

A 2024 Hera Björk ta doke Bashar Murad, Bafalasɗine, a wannan zagaye. Aka yi ta ƙorafi kan tangarɗar manhajar ƙuri'a, gidan talabijin ya amsa cewa an samu matsala amma ya ce ba ta canza sakamako ba. A Mayu waƙar ta zo ta ƙarshe a rukuninta da maki 3. Shekarar da ta biyo baya aka soke zagayen. Istoniya tana da nata salon a gasar Eesti Laul, wadda ta maye gurbin tsohon zaɓensu a 2009, sai dai uku take ɗauka maimakon biyu, jama'a kaɗai ke yanke hukunci. Da uku, ƙuri'ar masu ƙi tana rabuwa gida biyu, illar ta ragu. Istoniya kuma tana karɓar kuɗin rajista, na waƙar harshen waje ya ninka na ta harshen gida, wata dabara ce ta rage tarkace da ƙarfafa harshe a lokaci guda.

Albaniya: waƙar Disamba da waƙar Maris

Bikin waƙar ƙasar, Festivali i Këngës, ya girmi shigar Albaniya Eurovision nesa ba kusa ba. Tun 1962 ake yin sa, ƙasar kuwa a 2004 ta fara zuwa gasar. An gina shi ne don kansa: cikakkiyar ƙungiyar makaɗa a zaure a Tirana, harshen Albaniya, waƙoƙin da kan kai minti huɗu. Saboda haka wadda ta ci sai an yi mata tiyata kafin Maris. A yanke ta zuwa minti uku, wanda yawanci ke nufin a datse gabatarwar kiɗa, a cire rabin baiti na biyu ko kiɗan tsakiya. A sake naɗar kiɗan a sutudiyo, tunda ba makaɗa a can. Sannan a yanke shawarar harshe.

A nan abubuwa ke lalacewa. Gogen makaɗa da yawa a zaure yana da nauyin da kwamfuta ba ta cika mayarwa ba, kuma waƙar da aka gina ta tana hawa a hankali, idan aka datse mata matakala, sai ƙololuwar ta zo ba shiri. A 2014, 2016, 2017 da 2024 an juya waƙar zuwa Ingilishi, duka huɗun ba su tsallake ba. Matsayi mafi kyau da ƙasar ta samu, na biyar a 2012, da harshenta ne, haka na 11 a 2018 da na takwas a 2025. Ba ƙa'ida ba ce marar togiya, domin a 2013 sun tafi da harshen gida sun faɗi, a 2015 kuma sun tsallake da Ingilishi. Ita ta 2015 ɗin ma wata waƙa ce daban, saboda mai waƙar da ta ci bikin ya janye abarsa. Darasin nan na ofis ne: gidan talabijin da bai sa marubuci da mai kiɗa sun sa hannu kan haƙƙin mallaka tun ranar rajista ba, yana iya wayar gari da mawaƙi ba waƙa.

Malta ta mai da canjin waƙa doka. Sharuɗɗan zaɓenta sun ba da damar a musanya waƙar da ta ci, kuma an yi hakan a 2016 da 2022. Wato jama'a sun kashe kuɗinsu sun zaɓi abu, an tafi da wani. A 2025 kuma EBU ce ta tilasta canza sunan waƙarsu da cire kalma ɗaya ta harshen Malta, saboda a kunnen mai jin Ingilishi tana fita kamar ashar. Tsibirin ya zo na biyu sau biyu, a 2002 da 2005, bai taɓa ci ba, ya kuma gwada hanyoyi iri-iri: gasar neman sababbin taurari a 2019 da 2020, naɗi a ofis, da zaɓe mai waƙoƙi 40 a 2023 wanda gwaninsa ya ƙare a na ƙarshe a rukuninsa. Waƙoƙi 40 a ƙasar da ba ta wuce mutum rabin miliyan da kaɗan ba na nufin an buɗe ƙofa ga duk abin da aka kawo.

Daga ina waƙoƙin ke fitowa? Duba sunayen da ake rubutawa a ƙasan allo lokacin da mawaƙi zai fara. Za ka yi ta ganin sunayen marubutan Suwidin a zaɓen Malta, Moldoba, Saifurus da sauransu. Akwai kasuwar waƙoƙin da ba su samu shiga a wata ƙasa ba, suna yawo daga wannan zaɓe zuwa wancan, akwai kuma zaman rubuta waƙa na 'yan kwanaki da gidajen talabijin ke shiryawa, a haɗa mawaƙin gida da baƙin marubuta. Sayen waƙa ba laifi ba ne, Azarbaijan da waƙar da aka rubuta a Suwidin ta ci a 2011. Amma ita tana da kuɗin da za ta sayi ta farko a layi, ta kuma yi mata dandamali. Ƙaramar ƙasa ragowa take samu, ta je ta kara da masu asalin salon. Shi ya sa na fi ganin alheri a irin abin da Moldoba ta yi a 2022, da ta tura kiɗan gargajiyarta mai goge da akodiyon, ta zo ta biyu a ƙuri'ar jama'a, ko Latbiya a 2025 da ta tafi da harshenta da salon waƙar matanta ta zo ta 13, bayan ta sha faɗuwa a jere daga 2017 zuwa 2023.

Ranar 1 ga Satumba, da kuɗi

Montenegro ta yi zaɓenta a Nuwamba 2024, ƙungiyar NeonoeN ta ci. Cikin 'yan kwanaki aka tono bidiyon da ke nuna sun taɓa rera waƙar a bainar jama'a a 2023. Suka janye, aka ba wa ta biyu, Nina Žižić. Kusan kowace shekara sai irin haka ta faru a wani wuri, kuma masoya gasar ne ke tonowa, ba ma'aikata ba. Maganinsa bai wuce a sa mutum ɗaya ya bincika YouTube da shafukan mawaƙin kafin a sanar da jerin 'yan takara ba.

Cin zaɓe ma ba ya tabbatar da tafiya. A Janairun 2025 Moldoba ta yi tantancewarta ta kai tsaye a sutudiyon Chișinău, wadda ta yi suna saboda kusan duk wanda ya cika takarda ana ba shi makirufo, sannan bayan 'yan kwanaki ta sanar da janyewa gaba ɗaya, tana kafa hujja da kuɗi da ingancin waƙoƙin. Montenegro, Masedoniya ta Arewa da Bulgeriya sun ƙi zuwa a 2023 saboda tsada. Ayislan kuma tana cikin ƙasashen da suka ce ba za su je ta 2026 ba saboda shigar Isra'ila.

Kuɗin shiga ya danganta da girman ƙasa da ƙarfinta, amma shi ne ƙaramin ɓangare. Gidan RTÉ na Ayilan ya kashe kimanin Yuro 340,000 a 2023, wanda kuɗin shiga bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran ya tafi a otal na kusan mako biyu, jirgi, sutura, mai tsara rawa, zanen da za a haska a allo. Tartsatsin wuta da wasu ƙarin kayan dandamali tawaga ce ke biya. A wasu ƙasashe mawaƙin ko kamfaninsa ne ke ɗaukar kaso mai yawa, kuma wannan na shiga cikin zaɓe ko ba a faɗa ba, musamman idan naɗi ne a ofis. Naɗin kansa ba aibu ba ne in masu yin sa suna da kunne: Saifurus ta hanyarsa ta samu na biyu a 2018, kuma ta sha ɗauko 'ya'yanta mazauna Ostireliya.

Yadda za ka kalla

Lokaci ya yi wa mai kallo daga Najeriya da Nijar daɗi. Daga Disamba zuwa ƙarshen Maris agogon tsakiyar Turai daidai yake da namu, saboda haka shirin ƙarfe tara a Malta, San Marino, Albaniya ko Luksamburg ƙarfe tara ne a Kano da Zinder. Ayislan tana bayanmu da awa ɗaya, daidai da Gana. Istoniya, Latbiya da Moldoba suna gabanmu da awa ɗaya. Turai na tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, to babbar gasar da ake farawa ƙarfe tara nasu a Mayu ƙarfe takwas ce a nan. Yawancin gidajen suna watsa zaɓen kyauta a shafukansu, wasu kuma ana sa su a tashar YouTube ta Eurovision. Wani lokaci sai ka tarar an toshe wa na waje, sai ka jira a ɗora waƙoƙin ɗaya-ɗaya bayan an tashi. Shiri kan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, kuma a hoto mai kyau awa ɗaya na iya cin kusan gigabait guda. Rage hoton zuwa 480, ka sa abin kunne, tunda sauti ya fi muhimmanci. A Asabar ɗin Fabrairu ƙasashe da dama kan yi nasu a dare ɗaya. Fara da na gabas, su ke riga kowa gamawa.

Kafin a fara, nemi yadda aka raba ƙarfi tsakanin alƙalai da jama'a, ka kuma duba ko alƙalan na gida ne ko na waje. A ƙasar da 'yan dubban ƙuri'u ke raba na ɗaya da na biyu, kuma aka yarda lamba ɗaya ta jefa sau da yawa, mawaƙi mai dangi da magoya baya na iya sayen tazarar da kuɗin katin waya. Alƙalan gida kuma abokan aikin 'yan takarar ne, wani malaminsu ne, wani sutudiyonsa suke naɗa. Shi ya sa gidaje da yawa ke kiran alƙalai daga ƙasashen waje, waɗanda ke jin waƙar kamar yadda Turai za ta ji ta, karo na farko, ba sani ba sabo. Alƙalai ma ba waliyyai ba ne: a 2022 EBU ta soke makin alƙalan ƙasashe shida a zagayen kusa da na ƙarshe na biyu, cikinsu har da San Marino da Montenegro, saboda alamun haɗin baki.

Idan an fara rerawa, kada ka dogara da faifan sutudiyo da ka ji tun da farko. Saurari amshi na biyu, bayan mawaƙin ya yi minti ɗaya da rabi yana motsi, a nan numfashi ke yankewa. Lura ko muryar da ke ɗauke da amshin tasa ce ko ta 'yan amshin da aka naɗa. Idan mutum ya riƙa taɓa 'yar na'urar kunnensa yana kauce wa kiɗa, laifin na iya zama na masu haɗa sauti, wanda ake gyarawa. Idan kuwa ya kasa kai wa babbar murya a ƙaramin sutudiyo, ba zai kai ta a gaban mutum dubu goma ba. Ƙirga mutanen da ke dandamali, domin wasu zaɓukan gida na ƙyale fiye da shida, wasu na ƙyale na'urar daidaita murya, duk kuma za a ƙwace su a Mayu. Duba ko yana neman kyamarar da ke kansa ko taron zaure yake kallo. Eurovision shirin talabijin ne, kowane yankan kyamara a rubuce yake daƙiƙa bayan daƙiƙa, wanda bai saba ba sai a yi ta nuno ƙeyarsa.

Gwaji mafi sauƙi shi ne taƙaitaccen maimaicin da ake yi kafin a rufe layi, inda kowace waƙa ke samun 'yan daƙiƙu. Wadda ka gane nan take ba tare da ka duba lambarta ba, ita ce mai dama. Wadda sai ka tuna cewa ai ta wancan mai jar riga ce, to rigar ka riƙe.

Bayan zaɓe sauran aiki. A Janairu ake jefa ƙuri'ar da ke nuna rukunin kowace ƙasa da rabin shirin da za ta faɗa, amma ainihin jerin fitowa masu shirya gasar ne ke tsara shi tun 2013. A Maris ake sakin waƙar da aka gyara tare da bidiyonta. A Afrilu mawaƙa kan zaga bukukuwan share fage a Amsterdam, Landan da Madrid, inda ake jin muryarsu a waje karo na farko. Ajiye bidiyon daren zaɓe, ka jera shi da na Maris, ka auna da agogo abin da aka cire da abin da aka ƙara. Idan gyaran ya tsaya ga ƙara wa ganga nauyi da share sauti, tawagar ta yarda da abin da take da shi. Idan aka canza harshe, aka ƙara sauri, aka cusa wurin rawa a tsakiya, to sun tsorata da abin da suka karanta a intanet, kuma saura musu mako bakwai ko takwas mawaƙin ya koyi waƙar da ba ita ya ci zaɓe da ita ba.